Rabin Teburin Mai Tocila

Shagon ɗan ƙarami ne, irin wanda in mutum ya yi atishawa a bakin ƙofa sai ƙura ta tashi a bangon baya. Tebur ɗaya ne a ciki, dogo, kuma mutum biyu ne ke neman abinci a kansa, waɗanda da za a bi ta son ransu ko layi ɗaya ba za su zauna ba.

Gefen taga, inda haske yake, na Mai Rediyo ne. Gefen lungu, inda sai ka ƙanƙance ido kafin ka ga yatsanka, na matar ƙanensa ne, wadda mutanen layin suka raɗa wa Mai Tocila. Da can shi da ƙanen ne a teburin, tare ma suka sa kafinta ya haɗa musu shi. Da ƙanen ya rasu ya bar mata yara ƙanana da ƙarfen narka dalma da ɗan abin da ta koya a gefensa, Mai Rediyo bai jira hawaye sun bushe ba ya fara baza gawarwakin rediyoyinsa har ƙarshen tebur. Sai Inna, uwarsu, wadda shagon nata ne, ta dogaro sandarta ta zo ta raba gardama.

“Ke, ki zauna inda mijinki ya zauna, ki nema wa jikokina abinci,” in ji ta. “Amma ki buɗe kunne. Ranar da aikinki ya taɓa masa nasa abincin, ranar za ki fita. Ba zan rushe gidan ɗaya don in tallabi na ɗaya ba.”

Tun daga ranar Mai Rediyo yake jiran wannan rana kamar mai jiran mota a tasha. Ya ɗauki ƙusa ya ja layi a tsakiyar teburin. In wayarta ta kuskure ta tsallaka layin, ba ya magana, sai dai ya sa filaya ya datse abin da ya shigo ya jefa mata a cinya.

“Ina kwana, Yaya,” takan ce in ta shigo, don ita ba ta barin gaisuwa, ta gane gaisuwar na ƙona masa rai.

“A'a, injiniya an iso. Yau a yi a hankali da hayaƙin dalmar nan, jiya har a cikin abincina na ji shi.”

“Ai sai ka gode min, Yaya. Ko ba komai ka ji ɗanɗanon wani abu.”

Kowa a layin ya san hannun matarsa a girki, saboda haka wannan ta shiga inda ake so.

Tocilan da ta fara yi ba wata dabara a cikinsu. Guntun bututun roba, batir sababbi a jere, ɗan farin ƙwan nan da ake kira LED, makunni, sai murfin kwalba a gindi. Suna haske, amma wa zai bar ta kanti mai ƙyalli ya sayi bututun ruwa, alhali duk batir ɗaya suke ci? Ciniki ya ƙi. Ta zauna a lungunta tana kallon kaya, Mai Rediyo yana mata waƙar ciki.

Abin da ya fitar da ita wani ɗan tarkace ne da ta tsinta a gwangwanin mijinta, aikin da ya fara bai gama ba. Wani baƙin zobe ne ɗan mitsitsi, irin wanda ake cirowa a gindin mataccen ƙwan lantarki, an naɗa masa siririyar wayar jan ƙarfe biyu, an liƙa masa taransista mai ƙafa uku da rizista guda. Ta tuna ya taɓa ce mata farin ƙwan nan mai girman kai ne, batir ɗaya ba ya tayar da shi ko sabo ne, balle wanda ya gaji. Amma in aka sa wannan abin a tsakani, taransistar takan buɗe ta rufe, buɗe rufe, da saurin da ido ba ya gani, zoben ya tara 'yar wutar da ke shigowa ya wurga ta gaba da ƙarfi, kamar mai tara yawu a baki ya tofa nesa. Da haka batirin da rediyo ta tofar sai ya kunna ƙwai.

Faɗa da baki ba wuya. Da ta zo yi, ta ga ta kanta. Ta naɗa waya da yawa, haske ya fito kamar idon mara lafiya. Ta rage, taransistar ta yi zafi har ta ƙona mata yatsa. Ta haɗa bakin wayoyin biyu a juye, abin ya yi shiru kamar ba a san shi ba, ta kwana biyu tana zagin zobe kafin ta gane ƙarshen ɗaya ake haɗawa da farkon ɗaya. Ta canza rizista, ta sake canzawa, tana ajiye waɗanda suka yi a marfin kwalba, waɗanda suka ƙi a wani. Taransistocin da ta kashe a wannan neman, da mutane ne da an ɗaure ta. Mai Rediyo yana gani ta wutsiyar ido. Ya san amsar rabin abin da ke ba ta wuya, amma ko tari bai yi ba.

Ran da abin ya kama, ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur, cikin gwangwanin da yake zubar da matattun batura, ta ɗauko ɗaya ta sa. Haske ya tsaya a bango fari tas.

“Yanzu kuma bolata ake bi,” in ji shi, bai ɗago ba.

“Abin da ka yar ne, Yaya.”

“Na yar, ban ce na bayar ba.”

“To ka rubuta sunanka a jiki, in ya yi haske a san naka ne.”

Ta sa wa ɗan abin suna tsotso, don yana tsotse abin da ya rage a batir har ƙashi. Kafin a ce me, labari ya zaga layin. Tocilar da ke cin mataccen batir, ai mata sun samu abin faɗa. Masu gadi suka zo, masu kwana a kasuwa suka zo, tsofaffi masu laluben takalmi suka aiko. Ita kuma don ta burge, kowace tocila in ta gama sai ta sa mata mataccen batir ɗaya a ciki kyauta, ta kunna ta gani, ta kashe, ta jera a kwali. Wurinta ba fili, saboda haka kwalin a ƙasan tebur yake zama, dab da ƙafarta.

A nan ne ta yi abin da ta yi, ba ta sani ba. Batir yana gindin bututu, tsotson yana bin sa, ƙwai yana can gaba, babban yatsan mai riƙo kuwa kusa da ƙwai yake sauka. Sai ta sa makunni a wurin, tsakanin tsotso da ƙwai, waya gajera, aiki mai tsabta. Mijinta ne ya koya mata cewa makunni ko'ina ka sa shi a zagayen waya ɗaya ne, in ka yanke ka yanke. Kuma gaskiya ya faɗa, a tocilar da ba ta da komai a ciki sai batir da ƙwai. A wannan kuwa, in ta kashe, ƙwan ne kawai ke yin shiru. Tsotson yana nan manne da batir, yana ta buɗe rufe a cikin duhu, yana wurga wutar da ba mai karɓa.

Rediyon tela ce ta fara tona abin. Telan da ke tsallaken layi ya kawo ta don marfin ƙara murya ya karye, aikin da bai kai a zauna ba. Mai Rediyo ya gyara, ya kunna don ya gwada, sai ta ɗauki wata ƙara kamar an jefa ɗanyen nama a tafasasshen mai. Ya murɗa nan, ya murɗa can, muryar mai labarai tana can ƙasa kamar wanda ya faɗa rijiya.

A faɗi gaskiya, mutumin yana da mugun hali amma ya iya aiki. Kunnensa shi ne abin taƙamarsa, yakan kara rediyo a kunci ya faɗi ciwonta tun bai kwance ta ba. Wannan karon kunnen ya rasa ta cewa. Ya buɗe ta, ya goge, ya canza abin da lafiyarsa ƙalau, ya mayar, ƙarar tana nan. Tela ya zo da safe aka ce ya dawo da yamma, ya dawo da yamma aka ce gobe. Da goben ta yi yawa, tela ya shigo da allura a bakinsa ya ce a ba shi abarsa ko da a buhu ne.

“Marfi na kawo, malam. Marfi. Ban kawo a koya mata soya ba.”

Ya sungume ta ya tsallaka titi, ya ajiye kusa da kekensa, ya kunna don ya nuna wa jama'a ɓarnar da aka yi masa. Sai ga murya ta fito garau, har ana jin numfashin mai magana.

Matar tela ba ta ajiye magana ta kwana, kuma wannan ma ba ta ajiye ba. Kafin la'asar an ce kunnen Mai Rediyo ya mutu. Kafin washegari an ce ba kunne ba ne, hannun ne, duk abin da ya taɓa sai ya yi kuka. Wata rediyon ta zo, ta yi ƙarar. Wata ma haka. Masu kawo gyara suka fara wuce ƙofar suna duban gaba kamar ba su taɓa sanin shagon ba.

“Me kika binne min a nan?” ya tambaye ta wata rana, idonsa ja.

“Ni? Da ina da abin binnewa, Yaya, ai da ba rediyo zan sa wa ba.”

“Tun da kika shigo shagon nan ban ga alheri ba. Ƙanena ma bai gani ba.”

Wannan maganar ta shige ta har ƙashi. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da naɗin zobe.

Ana cikin haka mai gadin wani gidan ajiye kaya ya zo sayen tocila, dattijo mai fuskar da ba ta san dariya ba. Mai Rediyo yana fama da wata rediyo tana ta suyarta. Mai Tocila ta sa ƙafa ta jawo kwalin, ta ɗauka ta fita da shi bakin ƙofa don dattijon ya zaɓa a haske. Tana fita suyar ta yi tsit, waƙa ta fito sumul. Mai Rediyo ya yi ajiyar zuciya, ya shafa gemu, ya ce a ransa ya kamo ciwon. Ita kuwa ta sallami mai gadi, ta dawo, ta tura kwalin mazauninsa. Suya ta dawo.

Shi bai lura ba, kansa yana cikin rediyo. Ita ta lura.

Ta zauna kamar ba komai. Can ta sa ɗan yatsan ƙafa ta jawo kwalin wajenta a hankali, har ƙuryar lungu. Ƙarar ta ragu. Ta tura shi can, ya tsallaka layin ƙusa ta ƙasa, ya je daidai ƙarƙashin hannunsa. Rediyon ta kusa tsage. Da ya fita cin abinci ta ɗauko tocila ɗaya a kashe, ta kusantar da ita jikin rediyon, ƙara ta tashi. Ta zare batirin, shiru. Ba ta gane yadda abin da aka kashe yake magana ba, amma ta gane nata ne, kuma ta gane abin da Inna ta faɗa ya faru tun tuni, saura kawai a sani.

Mai hankali da a nan za ta zare baturan gaba ɗaya ta zauna ta binciki abin, a wuce wurin ba wanda ya ji. Ta ma fara, ta zare na farko. Sai maganar nan ta dawo mata, wai ƙanensa ma bai ga alheri ba. Ta mayar da batirin ta rufe murfi.

Kwanakin da suka biyo baya, ba ta taɓa zuwa aiki da wuri kamar su ba. In shago ba kowa, ta jawo kwali lungu, rediyo ta yi lafiya, Mai Rediyo ya saki fuska, ya aika a kira mai ita. Da mai ita ya sako ƙafa, sai ƙafarta ta yi aikinta a ƙasa, sama kuwa hannu yana naɗin waya, fuska kamar ta mai jin wa'azi.

“Wallahi yanzu take magana,” yakan ce, gumi yana bin wuyansa. “Yanzun nan. Ke, ba ki ji ba?”

“Ni aikina nake, Yaya. Amma kamar na ji wani abu, ko dai a tsallake ne wurin tela?”

Ya koma bugun rediyo da tafin hannu kamar ɗan koyo. Ya canza wurin zama, ya canza wayar bango, har turare ya kunna. Ya rame. Ita kuwa har wani cika ta yi, mata suna tambayarta me take shafawa. Abin da daɗin ya hana ta tsayawa ta tambayi kanta shi ne: abin da ke wannan kuka dare da rana, me yake ci?

Amsar ta zo da ƙafarta, a hannun mai gadi. Ya shigo da hantsi yana ɗingishi, gwiwar wandonsa a yage, bayansa wata mai sayar da itace da wani tsoho, kowa riƙe da bututu.

“Baiwar Allah, ke kika ce min wannan za ta kai ni wata da watanni?”

“Ni ce, baba. Me ya faru?”

“Ajiye ta na yi a aljihu, ban taɓa ta ba, ina tattali. Ran da na ji motsi bayan shinge na danna, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na bi motsin a duhu na zuba a kwalbati. Da na sa mata sabon batir na ajiye, shi ma ta cinye shi tana kwance. Wannan tocila ce ko akuya?”

“Tawa ma haka,” in ji mai itace. “A kashe take cin abinci.”

Mai Rediyo, wanda rabonsa da murmushi an manta, ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali.

“Kawo in gani, baba. Ai ba a bar injiniya ita kaɗai da wahala ba.”

Ya karɓa, ya zare mataccen, ya ɗauko batir mai rai daga aljihun tebur ya zura. Bai ko danna makunni ba. Rediyon da ke gabansa, wadda take ta waƙarta don kwalin yana lungu, ta ɓarke da ƙara. Ya tsaya. Ya ja tocilar baya, ƙarar ta sauka. Ya matso da ita, ta hau. Ya yi haka ya sake, shagon ya yi tsit in ban da rediyon.

Ya sa wuƙa ya fasa bututun a kan tebur, ya bi waya da bakin sukurdireba.

“Ku zo ku ga ilimi,” ya ce. “Ta rufe ƙofar ɗaki ta bar famfo a buɗe. Makunni a bayan na'ura. A gaban batir ake sa shi, ke, a yanke abin daga tushe. Ko jikan mai gyaran fitila ya san wannan.”

Da a nan ya tsaya, da kuskure ne, kuma kuskure ana yafe shi. Amma sai ya durƙusa neman sauran, ya leƙa ƙasan tebur. Ga kwali a lungu. Ga kuma daɓen siminti, wanda ko'ina ƙura ce, ban da wata hanya guda mai sheƙi, faɗin kwali, da ta tashi daga inda ƙafarta take ta ƙare daidai ƙasan kujerarsa. Kwali bai goge ƙasa haka da tafiya ɗaya.

Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe, muryarsa ta yi sanyi.

“Baba mai gadi, don Allah ka tsaya, kai ne shaida. Wani ya kira min Inna.”

Kafin Inna ta iso, ƙofar shago ta cika. Matar tela tana gaba, ta bar tukunya a wuta. Aka ba tsohuwa kujera, ta zauna ta ɗora haɓa a kan sanda, ɗanta ya zayyana mata komai, ya nuna mata rediyo da tocila, ya sa aka haska mata hanyar kwali da ɗaya daga cikin tocilan, abin da ya sa wasu suka kasa riƙe dariya.

Inna ta juya ga surukarta. Kowa ya ga tana neman ƙofar da za ta fitar da ita, don jikokin nan suna ranta.

“Ke, ni ban san waya ba. Kuskure kowa na yi. Abu ɗaya zan tambaye ki. Kin san naki ne ke hana shi aiki?”

Ƙofa ce a buɗe. Ta ce shara take yi, ta ce kwalin ne ke takura mata ƙafa, Inna za ta karɓa ko ba ta yarda ba. Mai Tocila ta dubi ƙasa, ta tuna yaranta, har ta haɗa ƙaryar a baki. Sai ta ɗago ta ga fuskar Mai Rediyo, ya harɗe hannu, yana jiran ya ga ta roƙa.

“Da farko ban sani ba, Inna. Daga baya na sani.”

“Kika ci gaba?”

“Na ci gaba. Ya ce ɗanki bai ga alheri a zama da ni ba. Kuma in faɗa miki gaskiya, tun da aka yi rasuwar nan ban yi barci mai daɗi kamar na kwanakin nan ba.”

Wani a waje ya yi salati a hankali. Inna ta rufe ido.

“Kai ka faɗi haka?”

“Inna, ba wannan ake yi ba yanzu.”

“Bakinka kamar na ubanka, ba a wanke shi da sabulu.” Ta numfasa. “Amma magana na yi a gaban mutane, kuma ba zan haɗiye ta ba. Kin taɓa masa abinci da saninki. Ki kwashe abin da yake na mijinki ki fita. Yaran su riƙa zuwa wurina da rana.”

Mai Rediyo ya matsa gefe ya buɗe mata hanya da hannu, kamar mai karɓar baƙuwa.

Ba ta yi kuka ba, duk da matar tela ta so ta ce ta yi. Ta tattara ƙarfen dalma, gwangwanin zobba, marafan kwalba, kwalin da ya jawo komai, ta fitar waje. Sannan ta dawo ta dafa tebur.

“Inna, kin ce abin da yake na mijina.”

“Na ce.”

“Tare suka sa aka yi teburin nan. Yaya ma ya taimaka, ya ja layi inda nasa ya ƙare.”

“Ke kina da hankali kuwa?” in ji Mai Rediyo. “Inna, kina jin ta?”

Inna ta dubi layin ƙusa, ta dubi ɗanta, ta miƙe a kan sandarta.

“Kai ka ja layin, ba ni ba,” ta ce, ta kama hanyar gida.

Kafinta ya zo da zarto, yana ta tambaya ko da gaske ake, don a rayuwarsa bai taɓa yanka lafiyayyen tebur ba. Ya bi layin tsaf. Da zarton ya fita ta ɗaya gefen, abin da ba wanda ya tsaya ya lissafa ya faru: kowane rabi ƙafa biyu gare shi. Nata ta riƙe. Nasa ya durƙusa, rediyoyi da sukurori suka gangaro masa a kan ƙafa.

Tela ya bar ta ta jingina nata rabin a jikin bangonsa, ba don tausayi ba, don haushin marfinsa. Ta tallabe shi da bulo. Wurin ba inuwa sai bayan azahar, ba wutar lantarki, sai ta dasa ƙarfen dalma a cikin garwashi tana fifita, iska tana kwashe mata ƙananan kaya tana bin su a ƙasa. Rabin masu saye sun gudu. Sauran sun jera mata tocilansu a gaba, kowace sai an fasa, an cire makunni, an ja sabuwar waya har gindin batir, kyauta. Mai gadi yana zaune a kan bulo ya miƙe ƙafar da ta ji ciwo, ya rantse ba zai tashi ba sai ya ga tasa.

Ta ɗago ta share gumi. A tsallake, ta taga, Mai Rediyo ya tokare nasa rabin da gwiwa yana laluben abin da zai sa a ƙasa, rediyo tana magana garau a gefensa, ba mai saurare.

“Sannu da aiki, Yaya,” ta ɗaga murya.

Ya miƙa hannu ya rufe tagar.

“Baiwar Allah,” in ji mai gadi, “ƙarfenki ya yi ja. Ki bar shi haka nan, ki yi min aikina.”